Tsohuwar Marsandi da ta daɗe a ajiye: a tayar da injinta, a sa na Beljiyam, ko a sallama ta?

A unguwannin Kaduna irin su Malali, Unguwar Rimi, Unguwar Sarki da Barnawa, gidaje da yawa suna da tsohuwar Marsandi a ƙarƙashin rumfa ko gindin mangwaro, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Yawanci ƙirar W124 ce, wadda muke kira Bi-but, da aka fara ƙerawa a 1984 har zuwa tsakiyar shekarun 1990. Wani gidan kuma yayarta ce W123, ko babbar W126 ta manyan ma'aikata. Ranar da aka ce za a tayar da ita, shawara huɗu ce ke zuwa: a gyara injinta na asali, a sayo na Beljiyam, a mayar da ita kafireta ko a ɗora mata injin Toyota, ko kuwa a sayar a huta. Kowace tana da inda ta fi dacewa. Sai dai mafi yawan kuɗin da ke salwanta a wannan harka yana tafiya ne saboda an zaɓi hanya kafin a san abin da ya mutu a jikin motar.

Idan motar ta marigayi ce, a fara da maganar gado. Wanda ya zuba kuɗi a motar da ba a raba ba, ya gyara wa dukkan magada ne. A nemo takardar kwastan da ta mallaka, a gwada lambar da ke jikinsu da wadda aka buga a jikin motar.

Gwajin da ke yanke hukunci

Kada a ɗaura batir a murza makulli "don a ji ko za ta tashi". Bangon silinda ya bushe, wataƙila ya yi tsatsa; famfon mai zai tura ruɓaɓɓen fetur cikin na'urar raba mai; wayar da ɓera ya gaigaye kuma tana iya kama wuta. A buɗe bonet da sanda a hannu, domin maciji na son irin wannan wuri. A duba gidan filtar iska da bakin salansa, nan ne ɓeraye ke tara tsumma, zanzaro kuma ya yi gini da laka.

Kafin inji, a duba jiki. A ɗaga motar a bi ƙarƙashinta da sukudireba ana sokawa: wuraren sa jak guda huɗu, mazaunin batir, ramin safayar taya, ƙarƙashin kafet, da wuraren da ƙarfen ƙafar baya ya kama jikin mota. Wadda aka shigo da ita bayan ta yi shekaru a Turai ta sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi, tsatsarta daga ciki take cin ƙarfe. Wadda ta yi damina bakwai ko takwas a kan ciyawa ita ma haka. Idan sukudireba ya shige a inda ƙafar baya ta kama, magana ta kusa ƙarewa, a tsallaka zuwa hanya ta huɗu.

Idan jiki ya tsira, sai a zare sandar duba baƙin mai. Mai da ya koma kalar shayi da madara, ko ya haura alamar cika, ruwa ko fetur ya shiga. A sassauta notin kaskon mai kaɗan: ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara ɗiga. A hure ƙurar da ke ramin fulogi kafin a cire su, a zuba kamar cokali ɗaya ko biyu na man giya a kowace silinda, a bar shi kwana biyu zuwa uku. A cire marfin bawul a kwarara sabon mai a kan kamshaf. Sannan a sa soket mai lamba 27 a babban notin gaban karanshaf, a juya da hannu yadda agogo ke tafiya idan kana fuskantar injin, zagaye biyu cikakku. Ba a juya shi baya, saboda sarƙar tamin. Idan ya cije a wuri ɗaya, a ƙara jiƙa shi a jira. Jan motar da igiya a saka giya don inji ya saki, shi ne yake karya ringi ko ya lanƙwasa bawul ɗin da ya maƙale a buɗe.

Ya juya? A canja mai da filta, lita biyar ga mai silinda huɗu M102, shida ga mai silinda shida M103. A zare rilen famfon mai, a katse wutar fulogi, a ba shi kik na daƙiƙa goma goma ba fulogi har allurar matsin mai ta motsa. Daga nan a auna matsin kowace silinda. Lafiyayyen inji yana ba da ba 10 zuwa 12 ("ba" shi ne bar, ma'aunin matsi). Ƙasa da 8.5 ya yi rauni, kuma bai kamata tazarar silinda da 'yar uwarta ta wuce 1.5 ba. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin mai a sake aunawa: idan ta ɗaga, ringi ne, idan ba ta ɗaga ba, bawul ne ko gaskit. Kada a yi saurin yanke wa ringi hukunci. Bayan doguwar ajiya yakan manne a ramin fistin, ya saki da kansa idan inji ya yi zafi sau da yawa.

Abin da za ka biya ko wace hanya ka bi

Masu cewa "sa Beljiyam kawai ka huta" ba sa faɗa maka cewa sabon inji ba ya wanke tanki. Fetur da ya shekara da shekaru yana zama danƙo, tankin da aka bari rabi kuma yana tara raɓa kowace damina. Tankin W124 lita 70 ne, a bayan kujerar baya yake. A sauke shi a wanke, a canja rariyar da ke gindinsa, da famfo, da filta, da duk tiyon roba. Birki ma haka: fistin ɗin kalifa ya maƙale, tiyon roba huɗu sun kumbura daga ciki ko da waje ya yi kyau, man birki ya sha ruwa. Lita ɗaya na DOT 4 ya isa a wanke layin gaba ɗaya. Tayoyi a zubar ko da zanensu bai ci ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya sati ne da shekarar da aka yi ta, kuma jami'an kiyaye haɗurra na FRSC suna dubawa.

Lagireto wuyansa na sama roba ne, yana ƙonewa ya karye ba sanarwa. A canja tiyo, a mayar da tamostat mai lamba 87 idan wani bakanike ya taɓa cire shi, a zuba ruwan sanyaya inji rabi da rabi. Ruwan rijiya zalla yana cin kan silinda, domin na alminiyom ne. Giya mai canja kanta tana buƙatar filta, gaskit da kusan lita shida na man giya Dexron, idan an zubar har da na cikin kwanbata, wadda take da nata notin. Ga robobin furofela na gaba da na baya, ga mazaunin inji da ya zube. Wannan jerin yakan kai kuɗin inji ko ya fi, kuma yana nan daram a hanya ta ɗaya, ta biyu da ta uku.

Injin asali

Idan matsin silinda ya yi kyau, ba sauke inji ake buƙata ba. Abin da ya mutu tsarin mai ne, kuma nan ne yawancin bakanikai ke sarewa. 230E, 260E da 300E na W124 suna amfani da KE-Jetronic na Bosch, tsarin da rabinsa ƙarfe ne rabinsa lantarki. Iska tana danna wani faifai, faifan ya tura ɗan siririn fistin a cikin na'urar raba mai, mai ya tafi nozul. Tsohon fetur yana manne wannan fistin. A danna faifan a hankali da yatsa bayan famfo ya yi aiki: ya kamata a ji tauri iri ɗaya har ƙasa, ya dawo ba tare da ya tsaya ba. Matsin mai ya zama ba 5.3 zuwa 5.5, kuma da geji ake aunawa, ba da kallon yadda mai ke feshi daga tiyo ba. A sa nozul ɗin a kwalabe iri ɗaya, a danna faifai, a gwada yawan man da kowanne ya tara. Wanda ke ɗiga ko yake fitsari maimakon feshi, a canja. Bayan batir akwai wani ɗan rile mai fiyus a kansa, ana ce masa OVP. Idan ya mutu, mota tana wuyar tashi da safe, silo ya faɗi, wutar ABS ta kama. An sauke injuna da dama a banza saboda wannan ɗan abu. Fulogi kuma a sa na tagulla marar rezisto, tazarar bakinsa milimita 0.8.

Idan kuwa gwaji ya nuna ringi ko metal (beyarin ɗin karanshaf) sun tafi, sai cikakken aiki. A kai bulok da karanshaf wurin masu injin gyaran ƙarfe su auna da ma'auni kafin a sayi komai. Bulok ɗin M102 da M103 na baƙin ƙarfe ne, yana karɓar faɗaɗawa a sa fistin mai girma. Karanshaf kuma ana rage shi milimita 0.25 ko 0.50 a sa metal daidai da shi. A canja robobin bawul, sarƙar tamin da robobin da take bi. Abu biyu ne ke kashe aikin a nan. Na farko, abin da ke matse sarƙa yana da haƙori, gaba kawai yake tafiya. Wanda ya mayar da shi ba tare da ya kwance shi ya sake haɗawa ba, zai matse sarƙa har kamshaf ya karye. Na biyu, notin kan silinda da ma'aunin ɗauri ake ɗaure su, bi da bi daga tsakiya, a ƙarasa da kwatan zagaye sau biyu. Bakaniken da zai ɗaure da dogon bututu da ƙarfin damtse, a ɗauke aikin daga hannunsa.

Ribar wannan hanya ita ce ka san abin da ke cikin injinka, lambarsa ta dace da takarda, waya da giya ba a taɓa su ba. Wahalarta lokaci da jabun kaya. Kwalin Elring, Mahle ko Bosch ba shaida ba ce, ana buga irinsa. A Oriyafata da Panteka za ka samu na yau da kullum. Fistin da sarƙa nagari wani lokaci sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. A lissafa makonni, ba kwanaki ba.

Masu silinda takwas na W126 da magajiyarta W140 dabam suke. Bulok ɗinsu alminiyom ne da aka sarrafa bangonsa ta hanya ta musamman, ba a goge shi da dutsen da ake goge na baƙin ƙarfe. Robobin sarƙarsu kuma suna bushewa su karye a tashin farko, sarƙa ta tsallake, bawul ya haɗu da fistin. A canja su kafin kik.

Injin Beljiyam

Ya fi sauri, kwana biyu ko uku an ɗora. Wani lokaci ma ya fi cikakken gyara araha. Amma a tuna cewa mafi ƙuruciyar M102 ko M103 a duniya ya kai wajen shekara talatin, kuma shi ma ya yi zaman ajiya a wata bolar motoci kafin ya hau jirgin ruwa. Wanda aka wanke da kalanzir yana ƙyalli bai gaya maka komai ba. Ba a cinikin biri a sama: a juya shi da soket a gabanka, a cire marfin bawul ka ga ko akwai baƙin danƙo, a cire fulogi a haska ramin, a buɗe kaskon mai a nemi garin ƙarfe. Mai kayan da ya ƙi a buɗe, a wuce shagon gaba.

A duba lambar jikin bulok. Na 230E na W124 yana farawa da 102.982, na 300E da 103.983. Na W123 sunansa ɗaya amma tsarin mansa da wayarsa dabam ne. Garantin kwanakin da ake bayarwa a rubuta shi, kuma a amince ya fara aiki daga ranar da inji ya tashi, ba ranar da aka ɗauko shi ba. Rasit ya ɗauki lambar inji, a je a gyara takardun mota, kada wata rana a tsaya dogon bayani da 'yan sanda ko VIO a hanyar Zariya.

Akwai masu ba da shawarar a haura zuwa M111 ko M104, injunan da suka zo a ƙarshen zamanin W124. Sun fi ƙarfi, kuma in ban da M104 na farko mai lita uku, ba su da na'urar raba mai. Sai dai suna zuwa da nasu ciwon: wayar injin da Marsandi ta yi daga wajen 1992 zuwa 1996 rigarta tana marmashewa da zafi, wayoyi su haɗu su ƙona birenbos, wato kwamfutar inji. Wanda motarsa ta wannan zamanin ce, ya tsaga baƙar rigar wayar kusa da nozul ya lanƙwasa ɗaya. Idan ta zube kamar gari, sai an sake wayar gaba ɗaya, ko wane inji aka ɗora.

Beljiyam ya fi dacewa idan bulok ya tsage, ko kwanrod ya huda shi, ko ruwa ya kwanta a silinda har ya yi ramuka, ko an riga an rage karanshaf har ƙarshe. Ga injin da ke juyawa yana ba da ba 10, sayen Beljiyam musanya sananne ne da wanda ba a sani ba.

Kafireta da injin Toyota

Mayar da 230E kafireta ya zama ruwan dare, domin kowane gareji ya san kafireta. Ba abin mamaki ba ne a kan M102, tunda ƙirar 200 da kafireta ta fito daga kamfani, ana samun manifol ɗinta. Haɗarin yana wurin famfo. Na asali yana tura fiye da ba biyar, kafireta kuwa ba ta son fiye da kusan 0.3. Idan aka bar tsohon famfo, mai zai yi ambaliya a kan inji mai zafi. Giya mai canja kanta ma tana karɓar umarni daga siririn tiyon iska da wata waya da ke haɗe da totur. Idan aka yi musu ɗaurin ganin dama, giya ta riƙa duka ko ta riƙa sulɓewa har ta ƙone. Ƙarfi yana raguwa, shan mai kuma sau da yawa ba ya raguwa. A ganinmu, kuɗin da za a kashe a nan ya isa a nemo mai geji ya gyara tsarin asali. A kan mai silinda shida kuwa, kada a fara.

Injin Toyota yana da hujja ɗaya mai ƙarfi: ko a Saminaka ko Kafanchan ta tsaya, akwai kaya akwai mai gyara. Amma na Camry da Corolla a gicciye suke zama suna jan ƙafar gaba, Marsandi kuwa ƙafar baya take ja. Sai irin na Hilux, Hiace, ko 1UZ na Lexus LS400, tare da giyarsa. Za a yanke mazauni a yi walda, a rage ko a ƙara furofela sannan a daidaita ta, a nemi yadda kaskon mai zai kauce wa ƙarfen sitiyari, a haɗa allurar gudu da ta zafi da na'urar sanyaya ɗaki. Furofelar da ba a daidaita ba tana sa mota kakkarwa da zarar an ɗauki gudu, ta cinye beyarin da robobi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane ke kawo maganar tsimin fetur, amma nauyin motar yana nan kusa da tan ɗaya da rabi, ƙaramin inji zai sha wahala ya sha mai. Wannan hanya ta mai neman motar aiki ce. Wanda yake so ya ji motar Baba kamar yadda take a da, ko ya sayar wa masu son tsofaffin motoci nan gaba, ya rufe wa kansa ƙofa.

Sayarwa

Tsatsa a ƙashin mota, rashin takardar kwastan, ko ruwan kogin Kaduna da ya taɓa shiga har kujera kamar yadda ake gani a gidajen wajen Kigo Road, kowanne ya isa dalili. Haka W140 mai silinda takwas ko goma sha biyu da ɓeraye suka zauna a cikinta: wayoyinta da na'urorinta sun fi ƙarfin aljihun yawancin gidaje. A duba ɗaki ma da kyau. Inji yana da mafita uku, amma dashbod da rana ta fasa, katakon ado da ya ɓare da maɓallan da suka karye sun fi inji wuyar samu. Idan za a sayar, a sayar da ita a haɗe kafin a kwance komai. Motar da aka sauke wa inji aka watsar da aikin a gareji, kayanta ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, ƙarshenta 'yan gwangwan su auna ta a kilo.

Idan ta dizal ce, 200D, 250D ko 300D, ma'auni yana karkata sosai ga injin asali. A wanke tanki, a canja filta biyu da fulogin ɗumama, a fitar da iska daga layi. A tashin farko wani ya tsaya da faffaɗan katako kusa da bakin shan iska, domin idan famfon nozul ya maƙale a buɗe inji zai yi ta hawa, makulli ba zai kashe shi ba, sai an toshe masa iska. Fijo 504 da 505, da aka haɗa a nan Kakuri inda kamfanin PAN ya fara aiki a 1975, su ma gyara ya fi: silindarsu hannun riga ce da ake zarewa a sa sabuwa. A kiyaye kawai kada a juya karanshaf bayan an cire kan silinda ba a danne hannayen rigar ba, robar gindinsu za ta motsa ruwa ya gangara cikin mai.

Duk hanyar da aka zaɓa, a ɗauki motar da janwe, kuma a yi ciniki da bakanike mataki mataki: kuɗin gwaji dabam, na tsarin mai dabam, na birki dabam, a dawo maka da duk tsohon kayan da aka cire. Fenti da kujeru su zo ƙarshe. Ranar tashin farko a ajiye abin kashe gobara kusa, a sa ido kan allurar matsin mai: ta haura zuwa 3 cikin daƙiƙu kaɗan, in ba haka ba a kashe. Ƙarar bawul da hayaƙin man da aka zuba a silinda za su ɗauki mintuna kafin su lafa. A bar ta ta yi zafi har fanka ta kama, allurar zafi tana tsakanin 80 da 100, ana leƙa ƙarƙashi. Kwanakin farko a yi ta zagaye cikin unguwa, sannan a gwada Kawo zuwa Mararrabar Jos a dawo, a taɓa kowane wili a ji ko birki na riƙewa. A sake canja baƙin mai da filtar fetur bayan kilomita 500, domin dattin da ya saki daga ciki a lokacin yake taruwa. Hanyar Abuja sai bayan wannan.